Darasi: Yadda ɗalibin ƙira yake mayar da aikin hannunsa bincike

Assalamu alaikum masu sauraro, musamman ɗalibanmu na digiri na biyu da ke karatun zane da ƙirar kayan amfani a nan Maradi da kewaye. Darasinmu na yau ya shafi tambayar da ta fi damun ɗalibi idan lokacin rubuta kundi ya ƙarato, wato mene ne ya raba wanda ya ƙera abu mai kyau da wanda ya yi bincike. Maƙerin da ke bakin kasuwa yana ƙera murhu kullum, murhunsa kuma yana aiki, amma abin da malamanku za su nema ranar kare kundi shi ne ilimin da wani zai karanta, ya gwada da hannunsa, ya gaskata ko ya ƙaryata.

A shekarar 1993 Christopher Frayling, malami a wata babbar kwalejin fasaha da ke Landan, ya kasa binciken wannan fanni gida uku. Akwai bincike a kan ƙira, kamar ɗalibin da zai zauna da dukawa ya rubuta yadda suke sarrafa fatar jar akuyar Maradi. Akwai bincike domin ƙira, wato tattara bayanan da za a yi amfani da su wajen fitar da wani abu. Sai kuma bincike ta hanyar ƙira, inda abin da ka ƙera shi ne makamin da kake amsa tambayarka da shi. A kan wannan na ƙarshe zan daɗe, domin a nan ne na ga ɗalibai sun fi yin tuntuɓe.

Mu ɗauka wata ɗaliba ta ce za ta ƙera murhu mai tsimin itace. Wannan buri ne, bai zama tambayar bincike ba tukuna. Zai zama tambaya idan ta ce: me ya sa matar da aka ba murhun ƙarfe take komawa ga duwatsu uku idan za ta tuƙa tuwo? Amsar wannan ba ta cikin ɗakin karatu. Sai ta nemi izinin mai unguwa da na maigida, ta shiga gidajen unguwar Mokoyo ko Bagalam, ta bayyana wa matan abin da ya kawo ta da inda maganarsu za ta je, sannan ta zauna kusa da madafa tun daga hura wuta har kwashe tuwo. A nan za ta ga abin da ba wanda zai faɗa mata: muciya tana buƙatar tukunyar da ta zauna daram, kuma murhun da ke girgiza a ƙarƙashin tukunyar babban gida ba zai daɗe a madafa ba, komai tsiminsa.

Ina so ku kula ƙwarai da hira, saboda al'adarmu ta kara da kunya. Idan ka kai wa dattijuwa abin da ka ƙera ka ce, "Inna, ya yi kyau?", za ta ce ya yi kyau, ta sa maka albarka, ba don ta yaudare ka ba, sai don ba a kushe wa baƙo abin hannunsa. Ka roƙe ta ta nuna maka yadda ta dafa abincin jiya da dare, ka tambaye ta ranar da murhun ya ba ta wahala. Bayan sati biyu ka koma ba tare da tsayar da sa'a ba, ka duba ko akwai sabuwar toka a cikinsa ko an jingine shi a bayan rumbu. A ganina tokar nan ta fi takardar tambayoyi ɗari faɗin gaskiya.

Duk da haka kallo da hira ba sa wadatarwa, sai an haɗa da awo. A auna itacen a sikeli kafin girki da bayansa, a yi amfani da tukunya ɗaya da ruwa daidai gwargwado, a rubuta mintocin da ruwan ya ɗauka kafin ya tafasa, a maimaita aƙalla sau 3 a kan sabon murhu da kuma a kan duwatsu uku. A rubuta bushewar itacen da ƙarfin iska, domin gwajin da aka yi cikin hunturu ba zai yi daidai da na damina ba.

Game da ra'i kuwa, wato bayanin da masana suka yi kan yadda abu yake, kada ku ɗauke shi adon babi na biyu da ake jera sunayen Turawa a wuce. Herbert Simon, masani ɗan Amurka, ya bayyana a 1969 cewa ƙira ita ce tsara hanyar sauya halin da ake ciki zuwa wanda aka fi so. Ɗalibar da ta riƙe wannan magana da gaske dole ta tambayi kanta: wa ya fi so, mai dafawa, ko mai sayen itace, ko ita mai binciken? Donald Schön kuma, shi ma masani ɗan Amurka, a 1983, ya nuna cewa gwani yana tunani a cikin aikinsa, yana gyara yana sauraron abin da aikin ke mayar masa. Saboda haka ku riƙe littafin aiki, ku rubuta kwanan wata, ku zana kowane samfuri, ku ɗauki hotonsa, har wanda ya fashe ko ya cika hayaƙi, tare da dalilin da ya sa kuka sauya shi.

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya rubuta tambayar bincikensa a jimla ɗaya, ya ambaci mutanen da zai zauna da su da abin da zai auna, ya kai wa malamin da ke duba aikinsa. Wassalamu alaikum.