Runduna ta 8 ta Sojojin Dokin Illinois: Yadda Aka Yi Yaƙi da Doki a Basasar Amurka

Assalamu alaikum, masu kallo. Yau za mu bi runduna guda ta sojojin doki tun daga kafa ta har sallamarta, a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Ita ce Runduna ta 8 ta Sojojin Dokin Illinois, ta ɓangaren gwamnatin tarayya, wato Arewa, da ke yaƙar jihohin Kudu waɗanda suka ɓalle don su ci gaba da riƙe bayi. Wanda ya saba ganin yaƙin doki a hoto, takubba a zare ana sukuwa, zai sha mamaki. Yawancin aikin mutanen nan ciyar da doki ne da gadi da tafiyar dare, kuma faɗan da ya fi ɗaukaka sunansu da ƙafa suka yi shi, dawakan na can baya a hannun wasu.

Da farko ma gwamnati ba ta so ɗaukar sojan doki na sa-kai ba. Babban hafsan sojoji na lokacin, Janar Winfield Scott, yana ganin abin da tsada, kuma kafin a horar da mahayi da dokinsa yaƙin ya ƙare. Kashin da Arewa ta sha a Bull Run a Yulin 1861 shi ya sauya wannan lissafi. John Farnsworth, ɗan siyasa mai adawa da bauta kuma na hannun daman Shugaba Lincoln, ya sami izinin tara runduna. Aka taru a garin St. Charles na jihar Illinois, aka rantsar da su ranar 18 ga Satumba 1861, mutum sama da dubu, galibinsu 'ya'yan manoma. A watan Oktoba suka isa Washington.

Ga yadda tsarin yake. Runduna tana da kamfani 12, kowane da kimanin mutum 100 a takarda, ana kiransu da haruffa daga A zuwa M, ban da J. Kanar ne a sama, kyaftin a kan kowane kamfani. Kowane kamfani kuma yana da maƙera masu sa wa doki takalmin ƙarfe, da baduku mai gyaran sirdi da linzami, da masu busa begila. Ƙaramin soja yana karɓar dala 13 a wata. Amma adadin takarda daban, na filin daga daban. Tun sanyin farko, a sansaninsu kusa da Alexandria, taɓo da zazzaɓin taifot suka kwantar da mutane birjik, ba a ko ga abokin gaba ba.

Mu tsaya kan doki, don nan ne ƙarfin rundunar yake, nan ne kuma rauninta. Ƙa'idar sojan Amurka ta ba kowane doki fam 14 na busasshiyar ciyawa da fam 12 na hatsi a rana, masara ko alkamar doki. A haɗe kusan kilo 12 ke nan. Dawaki 1,000 za su ci kusan tan 12 kowace rana ta Allah, ko an yi faɗa ko ba a yi ba. Kowane kuma yana neman ruwa kusan lita 40. Keken kaya na soja, wanda alfadarai shida ke ja, bai cika ɗaukar abin da ya wuce tan ɗaya da ɗoriya ba, su ma alfadaran daga cikin kayan suke ci. Saboda haka da zarar runduna ta yi nisa da tashar jirgin ƙasa ko bakin kogi, ciyawa ce ke fara yankewa, saboda cin wuri. Dokin da aka bari da hatsi zalla, ko aka sake shi cikin ɗanyar masara, ko aka shayar da shi yana cikin gumi, sai ciwon ciki ya kama shi, ko kofatonsa ya ɗauki zafi ya gurgunce.

Sai baya. Sirdin da suke hawa ana kiransa sirdin McClellan: ƙashinsa na itace an lulluɓe da ɗanyar fata, da tsaga a tsakiya don kada ya danne ƙashin bayan doki. A ƙarƙashinsa ana shimfiɗa bargon ulu da aka ninka shida. Mahayi da makamai da bargo da alkyabbar ruwa da abincin kwana uku da buhun hatsi, duk a kan doki, nauyin ya kai kilo 100 ko ya wuce. In bargon ya yamutse ko ƙasa ta shiga, gumi ya jiƙa, cikin yini ɗaya fata ta saluɓe. In dokin ya rame, sirdin da ya zauna masa daidai a bara yanzu yana gugar ƙashi. Maganin sananne ne: a riƙa sauka ana jan doki lokaci zuwa lokaci, a sassauta majayi in an tsaya, a cire sirdi a goge bayan ya bushe. Amma kusa da abokan gaba ana iya kwana uku ba a sauke sirdi ba, sai miki ya buɗe, dokin ya tashi daga aiki na makonni. Takalmin ƙarfe kuwa yana son a sake shi duk mako huɗu zuwa shida, shi ya sa mahayi ke ɗaukar na ko-ta-kwana da ƙusoshi a jakar sirdi.

Wannan matsala ta kai har fadar shugaban ƙasa. Bayan yaƙin Antietam na 17 ga Satumba 1862, wanda rundunar ta halarta, ciwon kofato da na harshe ya bazu cikin dawakan sojan Arewa. Janar McClellan, kwamandan sojan Arewa a wannan fage, ya kawo uzurin cewa dawakansa sun gaji. A ƙarshen Oktoba Lincoln ya buga masa waya yana tambaya cikin gatse: me dawakan suka yi tun bayan Antietam da har zai gajiyar da su? Gatsen ya yi daɗi, amma a wannan karon dai janar ɗin yana da 'yar gaskiya. An yi ta rarraba sojojin doki ƙanana-ƙanana, wasu masinjoji, wasu 'yan rakiyar manya, wasu masu gadin kekunan kaya, ana gajiyar da dabbobin a kan aikin da ba ya kawo nasara. Su kuwa 'yan Kudu sun haɗa nasu a hannun mutum ɗaya, Jeb Stuart, wanda a Yunin 1862 ya zagaye sojojin McClellan kaf da mahaya kusan 1,200. Sai a Fabrairun 1863 sabon kwamanda, Janar Hooker, ya tattara dawakan Arewa suka zama babbar runduna guda. A Yulin shekarar kuma aka kafa ofishin kula da sayen dawaki, da babban garke a Giesboro kusa da Washington, inda ake jinyar waɗanda suka lalace a mayar da su aiki.

A lokacin Farnsworth ya sami ƙarin girma, daga baya ya koma majalisa. Rundunar ta dawo hannun William Gamble, haifaffen Ailan, tsohon sojan doki tun kafin yaƙin, wanda aka harba a ƙirji a Malvern Hill a 1862 ya warke ya dawo. Ranar 9 ga Yuni 1863 suka tsallaka kogin Rappahannock da asuba ta mashigin Beverly, suka shiga yaƙin Brandy Station, karon doki da doki mafi girma a duk basasar. Can an zare takobi da gaske. Arewa ta janye da yamma, amma daga ranar 'yan Kudu suka daina raina mahayanta.

Yanzu ku dubi makaman. Takobi mai ɗan lanƙwasa, da libarba ƙirar Colt mai harbi shida, da gajeriyar bindiga ƙirar Sharps, wadda ita ce uwar aiki. Bindigar sojan ƙasa ta baki ake ɗura ta, sai mutum ya miƙe ya tura harsashi da sanda, ya sami harbi biyu ko uku a minti. Sharps ta gindi ake ɗura ta. Ka saukar da mariƙin da ke ƙarƙashin kunama, ƙofar gindin ta zame ƙasa, ka tura harsashi mai jakar takarda ko lilin, ka mayar da mariƙin, ka ɗaga guduma, ka ɗora hular tartsatsi, ka harba. Gwani yana yin takwas zuwa goma a minti, kuma yana kwance a bayan shinge. Aibinta: ba ta kai nisan doguwar bindiga ba, hayaƙi yana tsiyaya ta gindin, dattin albarushi yana sa ƙofar ta cije bayan an daɗe ana wuta, ruwan sama kuma yana lalata harsashin takarda. Za ku ji ana cewa mutanen nan bindiga mai harbi bakwai ƙirar Spencer suka riƙe a yaƙin Gettysburg, wanda za mu zo kansa. Ba haka ba ne. A wannan yaƙi Spencer na hannun wasu rundunonin Michigan ne.

Ga dabarar sauka. Ana ƙirga mahaya huɗu-huɗu. In aka ba da umarni, na ɗaya da na biyu da na uku su diro, kowa ya maƙala dokinsa da na kusa da shi da 'yar gajeriyar maɗauri ta fata, na uku ya miƙa linzami ga na huɗu. Shi na huɗun ba ya sauka, sai ya ja dawakan huɗu zuwa bayan tudu ko cikin itatuwa. Ribar ita ce mutum a kwance ya fi mutum a kan doki wuyar samu, kuma ya fi saiti. Asarar ita ce kashi ɗaya cikin huɗu na rundunar ya fita daga faɗa tun ba a fara ba. Kuma in harsashin igwa ya faɗo cikin dawakan suka firgita, mutum ɗaya ba ya iya riƙe huɗu, na gaba kuwa sun rasa abin gudu.

Ranar 30 ga Yuni 1863 Janar John Buford ya shiga garin Gettysburg na jihar Pennsylvania da birged biyu, wato rukunai biyu da kowane ya haɗa runduna da dama, mahaya kusan 2,700 da igwa shida. Gamble ne ke riƙe da birged ɗin da rundunar take ciki, don haka Manjo John Beveridge ke jan Runduna ta 8. Ku dubi taswira: hanyoyi kusan goma sun haɗu a garin, a kudancinsa akwai tuddai masu kyaun tsaro, a yammacinsa kuma akwai dogayen tuddai jere da juna. Buford ya san ba zai iya tare sojan ƙasa ba. Abin da yake nema lokaci ne, har nasu sojan ƙasa su iso su kama tuddan kudu. Sai ya baza 'yan gadi a nesa, kilomita huɗu zuwa biyar yamma da gari.

Da safiyar 1 ga Yuli, wajen ƙarfe 7:30, 'yan gadin Kamfanin E suka hango ƙura a hanyar Chambersburg. Sojan ƙasa ne na Kudu, dakarun Janar Henry Heth, mutum sama da 7,000. Laftanar Marcellus Jones ya ari bindigar Saje Levi Shafer, ya ɗora ta kan shinge, ya harba. Bai sami kowa ba, ba kuma wannan ne amfanin harbin ba. Soja mai tafiya a jere kan hanya, in ya ji wuta bai san yawan masu harbin ba, dole ya tsaya, ya baza layi cikin gonaki, ya jawo igwa. Wannan bazawa tana cin lokaci mai yawa. Kafin su gama, mahayan sun ja da baya zuwa tudu na gaba, sun sake kwanciya. Haka aka yi ta yi daga tudun Herr zuwa tudun McPherson, har wajen ƙarfe 10 sojan ƙasa na Arewa ƙarƙashin Janar John Reynolds suka iso. Shi Reynolds ba a jima ba aka harbe shi ya mutu. Da yamma, da layin Arewa ya karye, mutanen Gamble suka sake sauka a bayan katangar dutse kusa da makarantar horar da limaman coci, suka buɗe wuta a gefen masu kutsowa, suka ba masu janyewa sarari. Duk wannan rana asarar Runduna ta 8 ba ta kai mutum goma ba. A 1886 Jones ya koma ya kafa ɗan dutse a inda ya yi harbin, ko da yake tsofaffin sojojin Runduna ta 9 ta New York sun yi ta musun cewa su ne suka fara.

Washegari aka janye mutanen Buford zuwa Westminster a jihar Maryland, inda kekunan kaya suke, don dawakan sun yi makonni suna tafiya ba isasshen abinci, takalma sun zube. Ba a turo wasu a madadinsu ba, gefen hagu na sojan Arewa ya zauna ba masu leƙe a ranar da aka kawo masa hari mafi muni. Wani tsohon kyaftin na rundunar, Elon Farnsworth, ɗan ɗan'uwan wanda ya kafa ta, an ɗaga shi zuwa birgediya janar kwanaki kaɗan kafin yaƙin. Ranar 3 ga Yuli aka umarce shi ya yi sukuwa cikin duwatsu da shingaye a kan sojan ƙasa da suka riga suka kafe. Ya yi, ya mutu a nan, ba a sami komai ba.

A farkon 1864 yawancinsu suka sake sa hannu, aka ba su hutu, suka dawo aikin tsaron Washington. Ranar 9 ga Yuli 1864 wani ɓangarensu ƙarƙashin Laftanar Kanar David Clendenin ya yi faɗa a Monocacy a ƙarƙashin Janar Lew Wallace na Arewa. An ci su, amma jinkirin yini ɗayan da suka jawo wa Janar Jubal Early na Kudu ya ba da damar kawo ɗauki babban birnin. Sauran watannin sun tafi wajen farautar 'yan sari-ka-noƙe na John Mosby a arewacin Virginia, aiki mai cin doki da haƙuri, don abokin gaba yana watsewa cikin gidajen manoma da zarar ya kai hari.

Da aka harbe Lincoln a Afrilun 1865, an tura su cikin masu neman wanda ya harbe shi, John Wilkes Booth, a kudancin Maryland, Clendenin kuma ya zauna a kotun sojan da ta yi wa masu haɗin baki shari'a. An sallami rundunar ranar 17 ga Yuli 1865 a St. Louis. Lissafin hukuma ya nuna ta rasa mutum 250: hafsoshi 7 da sojoji 68 a fagen fama ko sakamakon rauni, hafsa 1 da sojoji 174 kuma cuta ce ta kashe su. Beveridge, wanda ya ja su a Gettysburg, ya zama gwamnan Illinois a 1873.