Darasin Zane: Inda Yaro Ke Koyon Gani

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Ku ɗauko kofi ku ajiye a gabanku, ku zana shi a takarda. Yawancinmu za mu zana bakinsa zagaye cif kamar zobe. To, ku sake dubawa da kyau. Daga inda kuke zaune, bakin nan ya matse, ya koma kamar ƙwai a kwance. Hannu ya zana abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta sani, ya bar abin da ido ke gani.

Wannan giɓi shi ne malamin zane ke cikewa. Kallo daban, gani daban, kuma gani koyonsa ake yi.

A watan Yuli na 1609, wani masani a Ingila mai suna Thomas Harriot ya leƙa wata da na'urar hangen nesa, ya zana abin da ya gani: wani karkataccen layi da tabo nan da can. Bayan 'yan watanni, masanin taurari Galileo a Italiya ya leƙa watan nan dai. Shi kuwa ya iya zane, ya san yadda haske da inuwa ke fito da tudu da kwari a kan takarda. Da ya ga baƙin tabon da ke jikin wata yana sauyawa daga dare zuwa dare, sai ya gane inuwa ce, inuwa kuwa ba ta faɗuwa sai akwai abin da ya tare haske. A 1610 ya buga zane-zanensa, ya ce wata na da duwatsu da ramuka, har ya lissafa tsayin duwatsun, a zamanin da masana ke cewa sumul yake. Gaskiya na'urarsa ta fi ta Harriot ƙarfi, amma ni ina ganin idon da zane ya horar ya taka babbar rawa.

Haka Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifen. Yana yaro burinsa ya zama mai zane, mahaifinsa ya ce sai likitanci. Ya zama likitan, amma bai yar da fensir ba. Da hannunsa ya riƙa zana ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa yadda yake ganinsu a madubin ƙara girma, ya nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi. Ya samu lambar yabo ta Nobel a 1906, kuma har yau zanensa na cikin littattafan karatun likita.

Likitocin ma sun gano bakin zaren. A Jami'ar Yale ta Amurka, tun ƙarshen shekarun 1990, akan kai ɗaliban likitanci gidan adana zane-zane, a tsayar da ɗalibi gaban hoto ɗaya, a ce ya faɗi duk abin da ya gani kafin ya ce ga ma'anarsa. Binciken da aka buga a 2001 ya nuna cewa waɗanda suka yi haka sun fi iya lura da alamomin cuta a hotunan marasa lafiya.

Sai dai kada mu yi wa zane ƙarin gishiri. Wasu kan ce a koyar da shi don makin lissafi ya hau. Hujjar hakan ba ta da ƙarfi, kuma zane ba ya buƙatar raɓewa a bayan wani darasi. Ku shiga aji ku gani da kanku. Yarinya ta haɗa shuɗi da rawaya, kore ya fito, ta ƙara rawaya, ta samu wani koren daban. Yaro ya gina tukunyar yumɓu ta rushe, ya duba inda ta yi sirara, ya sake ginawa. Ba mai ja masa jan biro, aikin ne da kansa ke nuna masa inda ya kuskure. Ga kuma yaron nan mai shiru da ba ya ɗaga hannu. Ba shi launi da takarda, abin da ke ransa ya fito, wani lokaci har damuwar da bakinsa ya kasa furtawa.

Abin da ke ci min rai shi ne, da zarar kuɗi ko lokaci sun yi ƙaranci a makaranta, zane ake fara cirewa daga jadawali. Inda aka bar shi ma, sau da yawa malami kan zana fure a allo, yara arba'in su kwafa, a samu fure arba'in iri ɗaya. Wannan kwafe ne, ido bai yi aikin komai ba. Fensir da takarda sun isa a fara: a ɗora ganye na gaske a kan tebur, a ce wa yara su yi minti biyar suna kallonsa, su bi jijiyoyinsa da inda ƙwaro ya ci, kafin kowa ya ja layin farko.