Darasin Hunturu: Man Kaɗanya, Shayin Citta da Kula da Jiki a Gida

Assalamu alaikum warahmatullah. Masu kallo da masu saurare, barkanmu da war haka. Ya sanyi? Ya yara? To madalla. Yau a tsakar gida muke, ga kayan aikina a faranti, ga auta ta riƙe min waya. Auta, ɗan matso kusa ki nuna musu. Yauwa, haka.

Shekaranjiya a gidan suna wata baiwar Allah ta cire takalmi za ta hau tabarma, sai na ga dunduniyarta ta dare har da jini-jini. Na ce, ƴar'uwa, me kike shafawa? Ta lissafo min mayuka uku na kanti, kowanne da tsadarsa. Abin ya tsaya min a rai, don maganin wannan faso yana nan a ƙwarya a kasuwar unguwarsu, shi ya sa na ce yau sai mun zauna a kansa.

Ku fara sanin abokin karawar. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso Sahara, daga wajen Nuwamba har Fabrairu, wata shekarar ta taɓa Maris. Ƙurar nan da kike sharewa a kan taga safe da yamma, da yawanta daga wani kwari ne a ƙasar Chadi da ake kira Bodele, gindin tsohon tafki ne da ya ƙafe. Iskar ba ta ɗauke da danshi. Kin ga yadda in kin shanya zane, kafin ki gama wanke na biyu na farko ya bushe ƙayau? To abin da take yi wa zane shi take yi wa fatarki, da leɓenki, da cikin hancinki. Ruwa take tsotsewa. Ki riƙe wannan, don duk darasin yau a kansa yake.

Ga man kaɗanya, wasu su ce man kaɗe. Auta, haska nan. Kun ga launinsa, fari ne mai ɗan ratsin rawaya kamar man shanu. Akwai wanda za ki gani rawaya shar, wannan saiwar wata bishiya ake sa masa wajen dafawa, shi ma yana aiki. In za ki saya, kar ki ji kunya, ki ɗan lakato ki murza tsakanin yatsu biyu. Na gaske ɗumin jikinki kaɗai ya isa ya narkar da shi, ga shi nan, kun ga ya zama ruwa, bai bar wani gari-gari ba. In kika murza kika ji tsakuwa-tsakuwa, ko wani abu ya ƙi narkewa, an yi masa algus ko ba a tace shi da kyau ba. Sannan ki sunsuna. Ƙamshinsa na hayaƙi-hayaƙi ne, irin na soyayyen ƙwallo. In kuwa ya buga miki wani wari mai hawa kai, ya tsufa, ki bar wa mai shi kayanta.

Ni na taso ina ganin kakata tana yin sa, Allah ya jiƙanta. Da farkon damina za su yi sammako su tsinto ƴaƴan da suka faɗo, mu yara mu shanye zaƙin, a tara ƙwallon. A dafa shi, a shanya, a fasa, a daka, a soya a kasko, a niƙa har ya zama kamar ƙullu mai duhu. Sai aikin da ke karya kafaɗa: ta durƙusa gaban babbar ƙwarya tana cuɗawa da hannu, tana yayyafa ruwa, tana bugawa, har wani farin kumfa ya taso sama. Shi za ta kwashe ta tafasa, ta tace, ta zuba a ƙoƙuna ya daskare. Kwana da kwanaki ake yi. Don haka in mai talla ta faɗa miki kuɗi, ki yi ciniki da tausayi.

Ita kanta bishiyar sai ta shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara haihuwa, kuma yawancinta ba shuka ta ake yi ba, a daji take fitowa. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwallon kaɗe, musamman jihohin Neja da Kwara da Kebbi, amma kullum sare ta ake yi ana gawayi. Wallahi in na ga buhun gawayi an ce na kaɗanya ne, raina sosuwa yake. Bishiyar da ta girmi mai gatarin, a ƙone ta a dare ɗaya.

To mu shiga haɗi. Ga ƙaramin kwanon silba, na zuba cokali 4 na man kaɗanya. Ga tukunya da ruwan zafi, na riga na sauke ta daga wuta. Zan ɗora kwanon a cikin ruwan, ba a kan wuta kai tsaye ba, don in ya ƙone ƙamshinsa ya lalace. Ki bar shi ya narke a hankali. Yanzu zan ƙara cokali 1 na man kwakwa. In ba ki da shi, man zaitun ko man riɗi ya yi. Amfaninsa kawai ya sassauta shi, don a sanyin nan man kaɗanya zalla tauri yake kamar sabulu, sai kin yi ta fama. Ki juya, ki tace da tsaftataccen ƙyalle a cikin roba mai murfi, busasshiya. Na ce busasshiya, ko ɗigon ruwa kar ya shiga, ruwa ne ke sa shi saurin lalacewa. In ya fara kama jikinsa sai ki buga shi da cokali ya yi laushi. Bari in ajiye shi gefe ya huce, za mu dawo kansa.

Yanzu ga inda yawancinmu muke kuskure. Mai ba ya zuba wa fata ruwa. Aikinsa ya rufe ruwan da ke ciki, kamar yadda kike rufe tulu da faifai. In kika yi wanka, kika goge jiki tas, kika zauna kika yi hira iska ta gama busar da ke, sannan kika shafa, tulun da babu ruwa kika rufe. Sai ki ga jiki yana ƙyalli a sama amma yana ƙaiƙayi. Abin da za ki yi, da kin fito wanka ki ɗan dangwale ruwan da tawul, jiki na da sauran laima, nan take ki shafa. Minti biyu zuwa uku, kar ki wuce. Yara ma haka, tun suna kan tawul.

Ruwan wankan kuma ya zama mai ɗumi, ba mai salɓe fata ba. Na san daɗinsa da asuba, amma ruwa mai tsananin zafi wanke maiƙon jiki yake yi. Sabulun salo yana da kyau, amma yana da ƙarfi, a hunturu ki rage dirza da soso.

Sai faso da kaushi. Da daddare bayan sallar isha'i, ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi kamar minti 10. Ki ɗauki dutsen goge ƙafa ki goga a hankali, iya abin da ya yi laushi, kar ki ce sai kin gama da shi yau. Ki tsane, ki lafta man da kauri, ki tura shi cikin tsagar da yatsa, ki sa safa ki kwanta. Ki jure mako guda a jere, za ki ba ni labari. Da rana kuma ki daina yawo a siminti ba takalmi. Reza kuwa, don Allah a'a. Na ga masu yanke kaushi da reza, daga nan ake samun gyambo.

Mai ciwon sukari, ke da ke da shi ko mahaifi ko maigida, ki saurara da kyau. Ciwon kan kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka ƙaya ko ya ƙone bai ji ba, rauni kuma ya ƙi warkewa. Mai sukari ba ya jiƙa ƙafa a ruwan zafi, ba ya kankarewa, ba ya shafa mai a tsakanin yatsu. Ya shafa a dunduniya da tafin ƙafa, ya riƙa dubawa kullum. Da ya ga tsaga ta yi ja, ko tana ruwa, ko tana wari, asibiti a ranar.

Fuska, in kina da ƙuraje, ki gwada kaɗan a gefe tukuna ki kwana ki gani, don ba kowace fata ke karɓarsa ba.

Hanci. Iyayenmu sun daɗe suna shafa man kaɗanya in hanci ya toshe, kuma a 1979 an yi wani ɗan ƙaramin bincike a Legas da ya nuna yana taimakawa wajen buɗe shi. Amma a bakin ƙofar hanci ake ɗan shafawa, siriri. Ba a cusa wa jariri curi a ciki, mai na iya zarcewa huhu. In haɓo ya ɓalle wa yaro, kar a ce ya ɗaga kai sama, jinin maƙogwaro zai bi. Ya zauna ya ɗan sunkuya gaba, a matse tattausan wurin hancin minti 10 ba saki. In an yi haka sau biyu bai tsaya ba, a kai shi.

Auta, miƙo min citta. Wannan ɗanya ce, irin ta Kudancin Kaduna, wajen Kachia, wadda ta yi suna wajen yaji. Tun da cuta ta faɗa wa gonakinsu a 2023 muka ga yadda ta yi tsada, amma kaɗan ake buƙata. Kamar girman babban yatsa, ki kankare ki daddaka. Kanumfari ƙwaya 3 ko 4. Ruwa kofi 2, ya tafasa minti 10. Ki sauke, ya sha iska har ki iya kurɓa, sannan ki matsa lemun tsami ki sa zuma cokali ɗaya. Yana ɗumama ƙirji, yana sanyaya ƙaiƙayin maƙogwaro, yana sa ki sha ruwa, wanda a sanyi muke mantawa da shi. Gaskiya dai ba ya kashe mura. Mura sai ta yi kwanakinta, bakwai zuwa goma, shayin sauƙaƙa miki zaman yake. Mai gyambon ciki ya rage yajin, kar ya sha da yunwa. Mai ciki ta tsaya a kofi ɗaya mara ƙarfi. Wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini ya tambaya kafin ya mayar da shi na kullum.

Zuma rabin ƙaramin cokali kafin barci tana rage wa yaro tari. Amma yaron da bai cika shekara 1 ba, ba a ba shi zuma, ko lasa. Takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙarta ba, ta saki jikinsa har numfashi ya gagara. Ɗan ƙasa da wata 6 kuwa nono kaɗai.

Sirace ne ba zan koya muku yi wa yara ba, kuma ga dalili. Wata shekara ɗana na biyu, yana ɗan shekara huɗu, mura ta kama shi. Na tafasa ruwa da ganye, na ajiye kwano a gabansa, na lulluɓe mu da bargo. Zafi ya ishe shi ya yi wutsil-wutsil, ƙafarsa ta bugi kwanon, ruwan ya kwaro masa a cinya. Ihun da ya yi har yau yana kunnena. Murar da za ta tafi da kanta cikin mako, muka yi wata muna jigilar wankin ciwo, tabon yana nan har ya girma. Babba in zai yi, ya ɗora kwanon a ƙasa inda ba zai kife ba. Yaro kuwa a ba shi abin ɗumi ya sha, a ɗiga masa ruwan gishirin nan na hanci da ake sayarwa a kemis. Kuma kaskon gawayi, a ji ɗumi a waje ko a buɗe taga, kar a rufe ɗaki a kwana da shi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, cikin barci take kashewa.

Akwai inda citta da zuma ba su da hurumi. In yaro yana tari kuma numfashinsa na sauri, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga na minti ɗaya yana kwance shiru. Ɗan wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, limoniya ake tsoro, ki saɓe shi ku tafi. Tarin da ya wuce mako 2, da rama da gumin dare, a je a gwada tarin fuka, gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, kun san lokacin sanƙarau ke nan daga hunturu har bazara, wannan ko dare ne ba a jiran safiya.

Bari mu duba haɗinmu. Kun ga gefe-gefen ya fara fari, tsakiya na da sauran ruwa, daidai lokacin bugawa ke nan. Ga shi ina juyawa, ina bugawa, yana ƙara haske, yana tashi. Auta, kawo hannunki. Jiƙa shi tukuna a wannan ruwan, yauwa, tsane kaɗan. To shafa. Nuna musu bayan hannun, ki haɗa da ɗayan da ba a shafa ba. Kun ga bambanci. Rufe robar nan ki kai ɗaki, nesa da rana. Mu kuma sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan busar da zogale. Wassalamu alaikum.