Ashe ƙundun kaza ne ya kayar da ni a jarrabawa

Jama'a assalamu alaikum, ku yi haƙuri da hayaniya, a bakin titi nake a unguwar Sayyida Zainab, kuma kun san direbobin Alƙahira, hon kamar ana biyansu. Yau raina a ɓace na fito daga makaranta. Jarrabawar madubin likita muka yi, irin wadda ake jera gilasai masu ɗauke da yankakken naman jiki, ka leƙa, ka rubuta sunan abin da ka gani, a kaɗa ƙararrawa ka matsa gaba. Na leƙa na bakwai, na ga abu ja-ja mai ruwan hoda yana kwance kamar igiyar ruwa, na rubuta jijiya, irin wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, da ƙarfin gwiwata. Ashe tsoka ce, irin sumul ɗin nan ta bangon hanji. Ni da nake koya wa 'yan ɗakinmu wannan darasi!

Shi ne na zo in huce a kan wannan faranti. Mumbar suke ce masa, hanji ne aka cusa wa shinkafa aka soya, fam 150 wai. Kuɗin nan a gida da mai balangu ya haɗa min har da gyara. To ina cikin tauna sai abin ya faɗo min: wannan ɗin da ke bakina ai shi ne gilashi na bakwai.

Ku tuna ranar layya. Tsokar cinya idan ta dahu, kana yagarta tana rabuwa zare-zare, shi ya sa ake iya dambun nama da ita. Wannan ita ce tsoka mai ratsi. Kowane zare ƙwayar halitta ɗaya ce doguwa, wata ta kai santimita da yawa, cibiyoyinta, wato ƙwallayen ciki masu sarrafa ƙwayar, rututu, duk an ture su gefe sun manne da bango. A madubi za ka ga ratsi fari da baƙi a gicciye kamar na tabarma, saboda sinadaran aktin da mayosin, masu sa tsoka ta tsuke, a jere suke sahu-sahu, cikin 'yan ɗakunan da ake kira sakomiya, kowanne bai wuce maikuromita 2 da ɗoriya ba (maikuromita dubu ne milimita ɗaya). A 1954 aka gano cewa zaruruwan aktin da mayosin zamewa suke yi cikin juna, kuma abin dariya, cikin masu binciken akwai Huxley har biyu, Andrew da Hugh, ba su haɗa dangi ba.

Yanzu ka je ka yi dambu da tumbi ko ƙundun kaza mu gani. Ba ya yaguwa, sai dai ka yi ta tauna yana danƙo. Ƙundu tsoka ce zalla, amma sumul. Ƙwayoyinta ƙanana ne, masu kumburi a tsakiya da tsini a baki biyu, kamar ƙwallon dabino da aka ja, cibiya ɗaya tak a tsakiya. Aktin da mayosin suna nan, sai dai ba sahu, a sassarƙe suke ta kowace kusurwa kamar ragar albasa, a ɗaure da wasu ƙulle-ƙulle. Idan ta tsuke, ƙwayar duka take takurewa, har cibiyar ta murɗe kamar an matse wanki.

Abin da ya fi ba ni haushi kuma ya burge ni, tsoka sumul ba ta jin maganarka. Hannu ka ce ɗagu ya ɗagu, amma ɗauki bokitin ruwa daga ƙasa zuwa hawa na biyar irin gidanmu da lif ya mutu, ka ji yadda yake saurin gajiya. Ita kuwa a hankali take aikinta, tana iya riƙe tsukewa tsawon lokaci ba tare da cin ƙarfi sosai ba. Cikinka ya yi ƙugi a sahun farko na masallaci, ka hana shi mana. Ko sanyin Janairun garin nan da ya sa tsikar jikina tashi da asuba, ƙananan tsokoki ne sumul a gindin kowane gashi suke ja. Mahaifa ma ita ce, a lokacin juna biyu ƙwaya ɗaya tana miƙewa har maikuromita 500. Allah Ya saka wa iyayenmu mata.

Zuciya ce mai raba ƙafa. Tana da ratsi kamar tsokar cinya, ƙwayoyinta na da rassa, amma ita ma ba ta karɓar umarninka.

Ƙannena masu shirin zuwa karatun likita, kar ku yi irin tawa. Hotunan littafi duk an gyara su tsaf, gilashin jarrabawa kuwa tsoho ne, launinsa ya koɗe. Ku bar kallon launi, ku nemi cibiya. A jijiya cibiyoyin a matse suke, sirara, a tsakanin zaruruwa. A tsoka sumul cibiyar tana cikin ƙwayar, tana da ɗan kauri. Daƙiƙa biyar da na tsaya na duba, da maki biyu ba su tafi ba.

Kuma mumbar ɗin nan, ba kowane shago ake cinsa ba, na taɓa gwadawa a wani lungu, kwana biyu hanjina yana nuna min iyakata. Mai shagon ga shi can yana ta ce min ya duktur, ya duktur, yana son in ƙara faranti. Bari in biya shi in kama jirgin ƙasa kafin magariba.