Kwale-kwalen Fatsa na Farko: Abin da Za Ka Ɗora Masa Kafin Ka Shiga Tiga

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Bidiyonmu na yau na mutumin Kano ne da ya yi niyyar mallakar ƙaramin kwale-kwale don fatsar ja, wato ka saki ƙugiya a bayan jirgi, inji yana tafiya a hankali, kifi ya biyo ya cafke.

Mu a Kano ba mu da teku, amma Allah ya hore mana madatsun ruwa. Ga Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ga Challawa a wajen Ƙaraye da aka gama a 1992, ga Watari a Bagwai, ga Bagauda. Yawancin masuntanmu da kalli (ragar da ake shimfiɗawa a bari a ruwa) da birgi (ragar jifa) da mamari (dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa) da mali (tarkon kifi) suke aiki. Fatsar ja daban take, domin kifin da take nema shi ne mafarauci, wanda ke bin ƙananan kifaye da gudu, irin su giwan ruwa da tsage. Saboda haka kafin ka kashe ko sisi, je bakin ruwan da kake son shiga da sassafe, lokacin da masunta ke fitowa, ka ga abin da ke cikin jiragensu. Idan ruwan nan karfasa da tarwaɗa kaɗai yake bayarwa, to fatsar zaune ta fi maka.

Mu fara da jirgin kansa. Na katako ne ko na faiba, abin dubawa shi ne faɗi. Siririn kwale-kwalen nan da masunci ke tuƙawa da filafili shi kaɗai, gwani ne ke iya masa. Kai kuwa za ka juya baya ka ɗauki sandar fatsa, abokinka zai karkata ya ɗebo kifi, nauyinku zai koma gefe guda. Nemi mai faɗin ciki, tsawon mita huɗu zuwa biyar, mai katako mai kauri a baya inda za a ɗaure inji. Ka auna tsayin wannan katakon kafin ka je sayen inji, domin injuna iri biyu ne: mai gajeriyar ƙafa na katako mai inci 15, da mai doguwar ƙafa na inci 20. In ka haɗa su ba daidai ba, farfela za ta riƙa shan iska, ko kuma ta nutse fiye da kima ta riƙa bugun ƙasa.

To, a kan inji nake so mu ɗan daɗe, don a nan kuɗin mutane ke ƙonewa. Kowa idonsa na kan babban inji mai ƙarfin doki 40. Fatsar ja ba ta buƙatar wannan. Gudun da ake so bai wuce kilomita uku zuwa biyar a awa ba, tafiyar mutum a ƙafa ke nan. Babban inji ko an rage masa wuta ƙwarai yakan wuce haka, ga shan mai. Mai ƙarfin doki 8 zuwa 15 ya ishi ƙaramin jirgi. Idan na hannu za ka saya, kada ka tsaya sauraren ƙararsa in an taka shi. Sa a tayar da shi a cikin duro mai ruwa, a bar shi a silo, wato yana juyawa a hankali ba a taka shi ba, na tsawon minti goma. Ya tsaya daram bai mutu ba? Yana fitar da siririn ruwan nan ta baya, alamar yana sanyaya kansa? Shi ke nan. Injin da ke mutuwa a silo ba zai yi maka wannan aiki ba, ko da kyauta aka ba ka.

Yawancin ƙananan injunan da ke hannun mutanenmu, irin su Yamaha Enduro, masu haɗa fetur da baƙin mai ne. Ma'aunin da aka saba shi ne 50 bisa 1, wato rabin lita na baƙin mai a tankin fetur mai lita 25, amma ka bi abin da littafin injinka ya ce. Kuma man da aka yi don injin jirgi, ba na babur ba. Doguwar tafiya a silo tana baƙanta fulogi, don haka fulogi biyu sababbi da sufanar kwance su kada su bar akwatinka. In kuma jirgin ya ƙi rage gudu, ɗaura bokiti da igiya ka sake shi a ruwa, zai riƙe shi.

Ku dubi wannan bututun roba na masu aikin famfo. An yanka shi tsawon kamu ɗaya da rabi, an ɗaure a gefen jirgi da kusoshi masu noti, bakinsa ya karkata waje da baya. Mazaunin sanda ke nan. Ba ya da tsada, amma ba a fatsar ja sai da shi, domin hannunka ɗaya yana kan inji. Guda biyu, dama da hagu. In ka fi son na ƙarfe, mai walda a Ƙofar Ruwa zai haɗa maka. Sannan ka ɗaure kowace sanda da 'yar igiya a jikin jirgi, don babban kifi yana iya fizge ta gaba ɗaya.

Sandar ta kasance mai ƙwari, wajen mita biyu, da keken naɗe zare mai ɗaukar mita 150 ko fiye. Zaren lailon mai jure kilo 15 zuwa 20 ya isa. Abin da ya fi komai a jikin keken shi ne birkinsa. Kada ka ɗaure shi tamau. Saita shi yadda in ka ja zaren da hannu da ɗan ƙarfi zai saki, kamar kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Kifi ya cafka jirgi na tafiya, ƙarfi biyu ne suka haɗu. In birki bai saki ba, zare ne zai tsinke. A bakin zaren ka sa ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ke hana murɗewa, sannan 'yar waya kamu ɗaya idan ruwan akwai tsage, saboda haƙoransa suna datse lailon nan take.

Abin yaudarar kifi kuma, kada ka cika akwati. Kifin roba mai leɓe guda huɗu da cokalin ƙarfe mai walƙiya guda biyu sun isa farawa. Leɓen shi ke nutsar da shi: ƙarami yana tafiya kusa da sama, dogo yana nutsewa ƙasa. Saki ɗaya mita 30 a baya, ɗayan mita 45, don kada su sarƙe in za ka yi kwana, kuma kwanar ta zama mai faɗi. Ka sa ido kan tsinin sanda. Muddin yana rawa, kifin robarka na wasa yadda ya kamata. Ya daina, to ciyawa ta naɗe shi.

Madatsar ruwa gonaki da bishiyoyi ta cinye, kututturansu na nan a ƙasa. Kifi na son wurin, ƙugiya kuma a nan take maƙalewa. Akwai na'urar duba zurfi mai aiki da batir, tana da amfani, amma ta jira. Igiya mai dalma da ƙulli a kowace mita za ta nuna maka zurfi, tsohon masuncin wurin kuma zai nuna maka sauran.

Shi ya sa nake roƙonku, ku fara kai gaisuwa wurin Sarkin Ruwa, ku tambayi ƙa'idar wurin da batun izini. Tiga da Challawa suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Robobi da guntayen soso da kuke gani suna yawo a layi a kan ruwa, kallin wani bawan Allah ne, abincin iyalinsa. Ku kewaye shi da nisa.

Rigar ruwa kuwa, babu ciniki a kanta. Mutanen Kano ba su manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, da jirgi ya kife a ruwan Bagwai da ɗaliban Islamiyya a ciki. Kowa da tasa, a jiki, a ɗaure, ba a ƙarƙashin benci ba. Igiyar kashe inji a wuyan hannunka, in ka faɗa ruwa inji ya mutu. Filafili biyu, yankakkiyar jarka ta kwashe ruwa, anka (ƙarfen da ake jefawa ya riƙe jirgi) da igiyar da ta ninka zurfin ruwan sau uku aƙalla, tocila, da waya a cikin leda. Fetur a raba shi uku: na zuwa, na dawowa, na ajiya. Da damina in gabas ta yi baƙi, naɗe zare ka nufi gaɓa tun kafin iska ta taso. Da hunturu hazo yana ɓoye gaɓar, don haka kada ka yi nisa da ita.

Kifi in ya zo gefen jirgi, da ragar ɗiba mai dogon mariƙi ake ɗauko shi, ƙugiya kuma da filaya ake cirewa. Giwan ruwa yana da kaifi a murfin kunnensa da ƙayoyi a gadon baya, kada ka kai hannu tsirara. Ƙananan a mayar da su ruwa su girma. Wanda za ka kawo gida, akwatin sanyi (kula) da ƙanƙara suna jiransa, kuma ƙanƙarar daga cikin gari za ka taho da ita tun da asuba.