Amsoshin Tambayoyinku: Karen Labrador da Farautar Agwagin Ruwa

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko a yau ta fito ne daga wani maharbi a Garwa da ke arewacin Kamaru, wanda ya ce ya ga wani kare a talabijin yana faɗawa ruwa yana ɗauko wa ubangidansa agwagwar da ya harbo. Yana son sanin asalin karen, da kuma ko zai yi masa amfani a bakin kogin Binuwai da tafkin Lagdo.

To malam, mun gode da wannan tambaya. Bisa yadda ka kwatanta shi, wannan kare shi ne ake kira Labrador. Kakanninsa sun fito ne daga tsibirin Newfoundland da ke gabashin Kanada, inda suke taya masunta jawo koma da kamo kifin da ya suɓuce daga ƙugiya. A farkon ƙarni na 19 jiragen ruwa suka kai su Ingila, masu sarautar ƙasar da ke son harbin tsuntsaye suka ci gaba da kiwonsu, har ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa a 1903, ta Amurka kuma a 1917. Launinsa uku ne: baƙi, ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa. Nauyinsa kan kama daga kilo 25 zuwa 36.

Aikinsa ya sha bamban da na karnukan farautarmu, waɗanda ke bin zomo ko gada da gudu har su kama. Shi Labrador ana horar da shi ne ya zauna shiru kusa da maharbi, ko ƙarar bindiga ba ta tayar da shi, ya lura da inda tsuntsu ya faɗa, sai an ba shi izini sannan ya shiga ruwa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake riƙe tsuntsun a baki ba tare da haƙori ya huda naman ba. Gashinsa ninki biyu ne, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, akwai fata tsakanin yatsunsa, jelarsa mai kauri kuma tana taimaka masa wajen juyawa in yana iyo.

Sai dai malam, wannan gashin da ke kare shi daga ruwan sanyi shi ne zai wahalar da shi a nan, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura maki 40 a ma'aunin Celsius. Idan har za ka riƙe shi, lallai ka tanadar masa inuwa da ruwan sha, ka riƙa cire masa kaska, ka yi masa rigakafin ciwon haukan kare, kada kuma ka fita da shi sai da sanyin safiya ko yamma. Ga kada da dorina a ruwanmu, waɗanda ba a yi lissafinsu ba lokacin da ake samar da irinsa. Ni a ganina, tura shi cikin zurfin Binuwai don ƙirinjijiya ko dinya guda ɗaya kasada ce da ba ta dace ba. Bakin fadama da ƙananan tafkunan da ka san cikinsu sun fi.

Kafin komai ka nemi takardar izinin farauta daga ma'aikatar gandun daji, domin doka ta wajabta, a wurare irin su gandun Waza da na Binuwai kuwa an hana farauta gaba ɗaya.