Murud: Ƙaramin Garin Indiya da Baƙaƙen Fata Suka Mulka

(An kwafo wannan lacca daga faifan murya, an ɗan gyara ta don sauƙin karatu.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena malamai, 'yan uwa ɗalibai, barkanmu da wannan lokaci.

Idan aka ce Indiya a ƙasar Hausa, abin da ke fara zuwa zuciya fina-finai ne, sai asibiti, sai ɗalibanmu da ke karatu can. Ni yau wani ɗan gari zan kai ku, wanda ko Indiyawan da yawansu ba su taɓa taka shi ba. Sunansa Murud, a gundumar Raigad ta jihar Maharashtra, kimanin kilomita 165 kudu da Mumbai idan ta hanyar mota aka bi. Ƙidayar 2001 ta sami mutum 12,551 a cikinsa. Ta 2011 ta sami 12,216. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu, akwai magana a cikinsu.

Yankin da garin yake ana ce masa Konkan, wato wani siririn tsiri na ƙasa da ya matsu tsakanin Tekun Larabawa daga yamma da jerin duwatsun Sahyadri daga gabas. Iskar damina kan taso daga teku a watan Yuni, ta ci karo da duwatsun nan, ta sauke ruwanta kaf a kan mutanen gaɓa. Har zuwa Satumba ake tafka shi, ya haura milimita 2,000 a shekara. Shi ya sa ƙasar kore ce shar: shinkafa a fadama, kwakwa a bakin teku, mangwaro a kan tudu, sai wata doguwar bishiya da suke kira supari, wadda suke tauna ƙwallonta kamar yadda muke cin goro. Masuntan wurin 'yan ƙabilar Koli ne, kuma su ne tsofaffin mazauna gaɓar.

To amma abin da ya sa sunan Murud ya shiga tarihi yana cikin ruwa. Kudu kaɗan da garin akwai ƙauyen Rajapuri. Idan ka tsaya a bakin ruwan ƙauyen, za ka hango wata baƙar ganuwa ta dutse ta taso daga cikin teku, tsayinta ya kai mita 12, an gina ta a kan wani tsibirin dutse. Ita ce Janjira. Har gobe da jirgin ruwa mai tafiya da iska ake kai baƙi. Jirgi zai yi ta matsowa, kai ba ka ga ƙofa ba, sai bango kawai, sai ka zo daf da ita sannan ta bayyana, don magina sun ɓoye ta tsakanin hasumiyoyi biyu. Matattakalar kuwa teku ke wanke ta, sai an riƙe maka hannu ka tsallaka. A jikin bangon ƙofar an sassaƙa wata dabba mai kama da damisa ta danƙe giwaye da faratanta. Duk wanda ya zo da yaƙi, wannan ne abin da zai fara gani.

Su wa suka riƙe wannan wuri? Mutanen da Indiyawa ke kira Siddi ko Habshi. Baƙaƙen fata ne daga Habasha da gaɓar Afirka ta Gabas. Ba Hausawa ba ne, kada mu ɗora wa tarihi abin da bai ce ba. Wasunsu fatake ne, wasu matuƙa jirgi, amma da yawansu bayi ne da aka sayo don aikin soja a daulolin Musulmi na Deccan, wato yankin tsakiya da kudancin Indiya. Mafi shahara a cikin irinsu shi ne Malik Ambar, wanda aka haifa a Habasha wajejen 1548, aka sayar da shi yana yaro, ya bi ta Bagadaza ya faɗo Indiya, daga ƙarshe ya zama wazirin daular Ahmadnagar, ɗaya daga cikin waɗannan dauloli. Ya hana sarakunan Mugal, masu babbar daular arewacin Indiya, barci har rasuwarsa a 1626.

Tsibirin Janjira ya shiga hannun Ahmadnagar ne tun ƙarshen ƙarni na 15. Labarin da mutanen wurin ke bayarwa shi ne, a da shingen katako ne na masunta, sai wani kwamanda Bahabashe mai suna Piram Khan ya zo a siffar ɗan kasuwa, da mayaƙa ɓoye cikin kayansa, ya karɓe wurin. Labarin kaka da kakanni ne, haka nake ba ku shi. Abin da yake tabbas shi ne, daga farkon ƙarni na 17 Siddi ke riƙe da ganuwar, kuma ba su sake ta ba sai da Indiya ta sami 'yanci. Sama da shekara ɗari uku ke nan.

Kuma ba don ba a gwada su ba. Shivaji, wanda ya kafa daular Marata, ya ci garuruwa masu ganuwa bila adadin a kan duwatsu, amma Janjira ta gagare shi. Har wata ganuwar ya sa aka gina a cikin teku daura da ita, Padmadurg, wadda ake hangowa daga bakin ruwan Murud. Ɗansa Sambhaji ya zo a 1682 da wata dabara: ya sa dubban mutane su yi ta zuba duwatsu da itatuwa a mashigin ruwan don a yi hanyar ƙasa zuwa bangon. Ana cikin aikin rundunar Mugal ta kutso ƙasarsa ta baya, dole ya janye. Su kuwa Siddi, tun wajejen 1670 suka koma ƙarƙashin sarkin Mugal Aurangzeb, suka zama mayaƙan ruwansa, suna raka jiragen alhazai da na fatake. A 1689 shugabansu Yakut Khan ya sauka Bombay, ya tsare Turawan Ingila cikin ganuwarsu sama da shekara guda. Ina so ɗalibai su ji wannan da kyau: jikokin bayi daga Afirka ne suka yi wa kamfanin Ingila ƙawanya a garin da yau ake kira Mumbai.

Me ya ba su wannan ƙarfi? Igwa suna da ita, akwai wata ƙatuwa da ake kira Kalal Bangadi tana nan kwance a kan bango har yau. Amma a ganina asirin Janjira ruwan sha ne. A tsakiyar tekun gishiri, cikin ganuwar, akwai manyan tafkuna biyu na ruwan daɗi. Mai yi maka ƙawanya ƙishirwa yake jira ta fito da kai. Idan kana da ruwa, kana da jiragen kawo abinci, shi ne zai gaji, ga damina tana tafe da guguwar da ba jirgin da ke iya tsayawa gabanta.

Ba zan ce muku waliyyai ba ne. Sun kai hare-hare ƙauyukan gaɓa, sun ƙona, sun kama mutane, kuma Marata ba su manta ba. A 1736 rundunar Marata ta karya su a kan tudu, ta kashe babban kwamandansu Siddi Sat, ƙasarsu ta tsuke. Ganuwar ce dai ba ta faɗi ba.

Zamanin Turawa, Janjira ta zama ƙaramar masarauta mai sarkinta, Nawab. A ƙarshen ƙarni na 19 Nawab Sidi Ahmad Khan ya baro tsibirin, ya gina fada a kan wani tudu a Murud mai kallon teku. Daga nan garin ya zama hedikwata. Matarsa Nazli Begum ta yi ƙoƙari ƙwarai wajen karatun 'ya'ya mata. Talakawan masarautar akasari Hindu ne, ga Musulmin Konkan, ga kuma Yahudawan Bene Israel da suka daɗe a yankin. A 1948 aka haɗe masarautar da Indiya.

Mu koma kan lambobin nan. A shekaru goman da al'ummar Indiya ta ƙaru da sama da mutum miliyan 180, Murud raguwa ta yi. Matasa Mumbai suke tafiya, wasu ƙasashen Larabawa na Golf, su riƙa aiko da kuɗi gida. Waɗanda suka zauna sun dogara da kamun kifi, da lambun kwakwa, da baƙin da ke zuwa ƙarshen mako. Da damina a rufe ganuwar, jirage su huta, kasuwa ta kwanta. Guguwar Nisarga ta watan Yunin 2020 kuwa ta kayar da itatuwan kwakwa da supari masu ɗimbin yawa a wannan gaɓa, kuma bishiyar kwakwa sai ta shekara da shekaru kafin ta fara 'ya'ya.

Wani ɗan uwa ya miƙo takarda yana tambaya ko har yanzu akwai Siddi. Akwai su, amma mafi yawansu ba a Murud suke ba. Suna Gujarat da Karnataka da Hyderabad, kuma akasarinsu talakawa ne, manoma da 'yan ƙwadago. Wasu Musulmi, wasu Kirista, wasu Hindu. Sai a 2020 ɗaya daga cikinsu, Shantaram Siddi, ya shiga majalisar dokokin jihar Karnataka, shi ma naɗa shi aka yi. Fadar Murud kuwa tana hannun iyalan Nawab har yanzu, ba a buɗe ta ga masu yawon buɗe ido ba.

Lokacin salla ya yi. Sauran tambayoyin sai mun dawo. Wassalamu alaikum.